Tsibi Da Dami

Alli na hannun Malam Zayyad lokacin da ihu ya taso daga bakin kasuwa. Kalmomin Turanci biyu ya rubuta a allo, yana nuna wa ɗalibansa cewa ɗaya ta abin da aka zube kawai ce, ɗaya kuma ta abin da aka zaɓa aka ɗaure, kamar tsibi da dami. Bai ƙarasa ba ya fita.

A gindin tsamiya ya tarar 'yan sa-kai sun zaunar da makiyayan da suka zo cin kasuwa, kowa hannu a ka. Jiya aka kore shanun garin, yau duk mai sanda da malafa ya zama ɓarawo. A cikinsu akwai Bello, wanda ke kiwon shanun gidansu Zayyad tun Zayyad na rarrafe. Leɓen Bello ya fashe. Mutanen gari sun yi cirko-cirko, ba mai ko motsi.

Sharu, jagoran 'yan sa-kai, ƙanen mahaifiyar Zayyad ne.

"Kawu, ina za ku kai su?"

"Daji. Koma ajinka, ɗan boko."

Kowa ya san wanda aka kai daji ba ya dawowa.

"Wa ya ga Bello da shanun?"

"Jirgi ɗaya ya ɗebo su duka."

"Kai ka koya mani ɗaurin dami, Kawu. Zangarniya ɗaya-ɗaya kake dubawa kafin ka ja igiya. Gero ka duba shi, mutane kuma ka tsiba su?" Ya juya ga jama'a. "Ku da kuka sha nonon rugar Bello, yau kun kurumce?"

Idanu suka koma ƙasa. Wani matashi ya gyara riƙon bindigarsa.

"Wanga yaro, kauce!" in ji Sharu.

Zayyad ya ratsa, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da Bello, ya ɗora hannuwa a ka.

"To haɗa da ni. Sai dai kai za ka faɗa ma Inna."

Sharu ya daɗe yana murza igiyar da ke hannunsa. Can sai ya tsuguna gaban makiyayin farko.

"Kai, mi as sunanka? Ɗan wa kake?"

Zayyad bai sauke hannuwansa ba. Allin yatsunsa ya bar masa fari a gashi, kamar furfura.