Likitar Kwata

Tun da mahaifinsu ya rasu ya bar musu injin sitacin rogo, ita da yayanta ba sa ga maciji. Ta karanci kimiyya, shi kuwa gani yake ta karanci raini.

Ruwan wankin rogon shi ne masifar. Fari ne, ga tsami ga ɗoyi, yana bin tsohuwar kwata ya faɗa lambun maƙwabcinsu. Ya ƙone masa alayyafo, mai lambu ya kai ƙara, Yaya ya zage shi tas a gaban jama'a. Duba-gari ya ce in ya dawo ya tarar da warin nan, zai garƙame wurin.

Sai ta tara ruwan wankin a tanki, ta kwaso taɓon kwatar ta zuba a ciki. Ta ce akwai ƙwayoyin cuta a taɓon, 'yan gida, da suka saba cin dattin ruwan nan. A ba su iska kawai su hayayyafa.

"Cuta?" in ji Yaya. "Cuta za ki kiwata mana a inda ake sarrafa abinci? Sannu, likitar kwata!"

"Suna ne kawai, Yaya. Ba su da wani sunan ne."

Haka ta yi ta lallaɓa tankin kamar mai jinya. Wari ya ja baya, ruwa ya fara washewa. Ta ji daɗi har ranta, ko da yake ko sannu bai ce mata ba.

Ranar da duba-gari zai zo, ta tarar da tankin yana ƙamshin asibiti. Kumfar da ta saba gani ta mutu. Ga Yaya da jarkar maganin wanke banɗaki, yana hura hanci.

"Na kashe cutar taki kafin ta ja mana abin kunya."

Ta ruga tsohuwar kwata don ta ɗebo sabon iri. Nan ma ya riga ta, ya wanke ta fes. Mutumin da bai taɓa ɗaukar tsintsiya ba!

Taɓo mai rai ya rage wuri ɗaya tak, bayan shinge, inda ruwansu ya daɗe yana kwanciya. Mai lambu na tsaye a can riƙe da fartanya, yana hararar su.

Ta dangwarar da bokiti a gaban yayanta.

"Ɗauki. Je ka roƙe shi cuta."