Adireshina A Wayar Kowa

A danginmu duk wanda ya sayi sabuwar waya ni yake kawo wa in saita masa. Ba wani ilimin na'ura gare ni ba, direban motar makaranta ne ni, sai dai ni kaɗai ne ba na manta kalmar sirri. To da na gaji da buɗe wa kowa nasa yana mantawa, sai na huta wa kaina. Wayar matata, ta Inna, ta ƙanena Auta, duk adireshin imel ɗina na saka musu. Ni a ganina dabara na yi, har yabon kaina nake.

Wata safiya na sauke yara, ina tsintar ledar biskit a ƙarƙashin kujeru, aka ce shugabar makaranta na kirana. Na same ta a tsaye, abin da ba ta saba ba. Ta ce an bugo daga ofishin 'yan sanda ana nemana, kuma maganar bindiga ce.

"Bindiga kuma? Wace bindiga?"

"Ni ma ban sani ba, Direba. Amma 'ya'yan mutane kake ɗauka. Ajiye makullin a nan har a warware."

Na ajiye. Wannan makullin shi ke ciyar da gidana, shi ke sayen maganin iyayena. Na fito ina taɓa aljihuna ina jin babu komai.

Jami'in da ya karɓe ni ba ya sanye da kaki. Wani siriri ne mai tabarau, teburinsa an tokare ƙafa ɗaya da kwali. Ya ba ni kujera, har ya tambayi iyali, kuma wannan kirkin nasa ya fi tsorata ni a kan a ce tsawa ya yi. Ya ce kwanakin baya an yi harbi a wani kanti kusa da unguwarmu, sai kotu ta ba su izini su nemi sunayen waɗanda suka yi bincike a intanet kan bindiga a wannan yankin. Sunana ya fito.

"Ka tambaya ko bindigar da ta daɗe a ajiye tana iya tashi," ya ce yana duban kwamfuta. "Ka tambaya yadda ake cire harsashi. Ka tambaya shekara nawa ake ɗaure wanda aka kama da bindiga marar rajista."

"Ranka ya daɗe, ni ko kaza matata ke kai wa maƙwabci ya yanka."

"Ban ce ka harbi kowa ba. Na ce ka tambaya."

"To tambaya laifi ce?"

"Tambaya ba laifi ba ce. Ajiye bindiga ba rajista ne laifi. Mai irin wannan tambayar kuma yawanci yana da abin da yake tambaya a kai."

Na tsaya ina juya maganar, na kasa gane inda ta fara da inda ta ƙare. Ba laifi ba ne, amma an karɓe mini makulli. Ban yi ba, amma sunana ne. Da ƙyar na tuna da dabarata, na ce masa adireshin nan nawa yana cikin wayoyin mutane da yawa. Ya cire tabarau ya dube ni kamar ya ga wanda ya ba dukan unguwa makullin ɗakinsa.

"To je ka gano wane ne, ka zo mini da shi kafin mako ya fita. In ba haka ba sunan da nake da shi zan rubuta."

A hanyar gida ba bindigar ce ma ta fi damuna ba. Tunawa na riƙa yi da abubuwan da ni da kaina na tambayi wayata: maganin sanƙo, abin da ke sa mutum minshari, da wata tambaya da ba zan maimaita ba ko a gaban likita. Ashe duk wannan mai tabarau ya gani? Ko bai gani ba? In ya gani me ya sa bai yi dariya ba? Na ciro wayar na dube ta, ta yi shiru abinta kamar ba ita ba.

Matata da ta ji, dariya ta fara yi har da riƙe ciki. Da ta ji batun makulli sai dariyar ta ɗauke. Ta miƙo mini wayarta ta ce in duba, ita ban da salon ɗinki da maganin tarin yara ba ta tambayar komai. Sannan ta rage murya.

"Ka tambayi Auta?"

Ni ma shi ne a raina. Auta mai zuciya a kusa ne, kwanan nan ya yi faɗa da wanda suka buɗe shagon aski tare, har aka raba su da ƙyar. Biri ya yi kama da mutum. Na tafi shagon na same shi yana yi wa wani gyaran fuska, ban ko jira ya gama ba.

"Ina bindigar?"

Mutumin da ake wa aski ya ɗago da kumfa a haɓa. Auta ya ja ni waje.

"Yaya, lafiyarka kuwa?"

Na zazzage masa komai, har da abin da bai kamata ba. Na ce shi kullum sai ya jawo mana magana, na ce in ɗaure shi za a yi ni da kaina zan raka shi. Ya bari na gama, idonsa ya yi ja, sannan ya ce:

"Tun bara na cire adireshinka daga wayata. Kana tsammani zan zauna kana ganin duk abin da nake nema?"

"Ni ina nake gani?"

"Au, ba ka ma san ana gani ba? Kawo wayarka."

Ya karɓa, ya latsa nan ya latsa can, sai ga komai ya fito a jere. Sanƙona, ɗinkin matata, tarin yara. Ya yi ƙasa, ya tsaya. Na ga fuskarsa ta canza kafin ya juyo mini da wayar.

Mai tabarau gundarin kawai ya karanta mini, ya bar kan maganar da wutsiyarta. Ga yadda take a rubuce: "Salamu alaikum, don Allah ina tambaya, bindigar da ta daɗe a ajiye tana iya tashi, na gode."

Mutum ɗaya ne a duniya ke yi wa waya sallama. Ni na koya wa Inna ta riƙa danna alamar makirufo ta yi magana, saboda idonta ba ya ganin ƙananan rubutu. Mun sha yi mata dariya in tana tambayar ko za a yi ruwa, ta gaishe da waya, ta yi mata godiya. Ta ce ai wanda ya amsa maka tambaya ya cancanci na gode.

"Inna da bindiga?" in ji Auta.

Ko haƙuri ban tuna na ba shi ba.

Da azahar muka isa gidan su Inna. Tun daga ƙofa Inna ta ɗaga murya yadda ta saba a 'yan watannin nan: "Malam, ga babban ɗanka ya zo! Ga kuma Auta!" Mukan tsokane ta mu ce ta zama mai shela. Baba na kan kujerarsa ta bakin taga, rediyo a cinya. Ya ce, "Madalla, madalla, ku shigo," ya ba mu hannu, ya tambayi aiki. Komai daidai.

Na bi Inna can baya inda take shanya. Na rasa ta inda zan faro, sai kawai na karanta mata tambayar. Rigar da ke hannunta ta faɗi cikin bokiti.

"Wa ya gaya maka?"

"'Yan sanda."

"Su kuma wa ya gaya musu? Ni kaɗai ce a ɗaki. Na ma rufe ƙofa."

"Wayar ce, Inna."

"Wayar?" Ta dube ni, ta dubi taga. "Ita da bakinta?"

Na so in yi mata bayani, sai na ga ni ma ban gane ba balle in fahimtar da wani. Ta zauna a kan wani bokiti da aka kife, ta fara magana ba ta kallona.

Bindigar ta Baba ce, tun yana gadin wani babban sito. Kamfanin ya rushe, masu shi suka watse, ba wanda ya zo ya ce a dawo da ita. Ya naɗe ta cikin tsohuwar darduma ya ɗora a kan kabad, shekaru suka bi ta kanta, har ita Inna ta manta. Sai rannan da rana tsaka ta fito daga wanka, ta same shi tsaye a tsakar gida da bindigar a hannu, ya nuna ta da ita.

"Ya ce mini, 'Ke wace ce? Wa ya ba ki izinin shigowa?'"

"Baba?"

"Na ce masa mai aiki ce, shara na zo yi. Sai ya sauke, ya ce in yi sauri kafin masu gida su dawo." Ta share fuska da bakin zane. "Da la'asar kuma ya kira ni da sunana ya ce in ba shi ruwa."

Ta ce abin yana zuwa yana tafiya. Ta ɗauke bindigar ta tura ƙarƙashin buhunan gawayi, amma tana tsoron taɓa ta, tana tsoron jefar da ita wani ya tsinta, tana tsoron kai wa hukuma su tafi da shi. Mu kuma tana tsoron ta gaya mana mu ce a kai shi asibiti a bar shi can.

"Shi ya sa nake faɗa masa sunanku tun daga ƙofa," ta ce. "Don kada ya tambaye ku."

Kunya ta rufe ni, da wani irin baƙin ciki da ban san inda zan ajiye shi ba. Kusan kullum ina gidan nan, ina kawo magani, ina duba mitar wuta, ban ga komai ba. Na yi tunanin in koma in ce ni ne, a rubuta sunana a huta. Amma bindigar fa? Tana nan ƙarƙashin gawayi, Baba kuma yana yawo a gidan.

Washegari na koma na faɗa wa mai tabarau gaskiya. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya zo da wani abokin aikinsa, suka ɗaga buhunan, suka zare harsasai da suka yi tsatsa, suka naɗe abin suka kai mota. Ya ce doka doka ce, dole ya kai rahoto, kuma likita zai duba Baba, amma shi bai ga wanda zai ɗaure tsoho a wannan hali ba. Ya ce zai buga wa shugabar makaranta. Na yi godiya, duk da ban san ko godiya ta kamata ba.

A bakin mota na kasa haƙuri.

"Ranka ya daɗe, ka san ba ni ba ne, ko?"

"Na yi zato. Ban taɓa ganin ɗan fashi yana yi wa waya na gode ba. Kuma akwai sauran tambayoyin."

"Waɗanne?"

"Waɗanda ba su shafi aikinmu ba. Ko ana warkewa daga mantuwa. Me mace za ta yi in mijinta ya daina gane ta." Ya gyara tabarau. "Ban ga ya dace in faɗa maka sirrin mahaifiyarka ba."

Suka tafi, suka bar ni tsaye. Mutumin da bai taɓa shan ruwan gidanmu ba ya riga ni sanin ciwon ubana, kuma shi ne yake kare mini sirrin uwata. Har yau ban san ko haushinsa nake ji ba.

Na koma ciki. Inna ta naɗe wayarta a cikin ɗankwali, tana tura ta can ƙasan akwati.

"Bari in cire adireshina, Inna, in buɗe miki naki."

"Su ba za su ji ba?"

Na ce, "Ban sani ba."

"To bar ta nan." Ta rufe akwatin. "A da ita kaɗai nake iya faɗa wa. Yanzu wa zan tambaya?"

"Ni mana."

Ta dube ni ta daɗe, kamar tana auna ko zan iya ɗauka. Sannan ta wuce gaba zuwa falo, na bi ta. A bakin ƙofa ta tsaya, ta matsa gefe, ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi shela ba.

Baba ya ɗago daga kan rediyonsa. Ya dube ni da fara'a, irin wadda yake yi wa baƙi.

"Sannu da zuwa, bawan Allah," ya ce. "Wa kake nema?"

Inna ta juyo tana kallona, tana jira in amsa.