Mai Askin Da Ya Yanka Giwa

Mai aski bai taɓa zaton magana guda za ta iya kwashe masa mutane daga kujera ba, sai washegarin ranar da ya yanka Giwa.

Giwa dai shi ne uban 'yan daban nan na wasan talabijin da duk unguwar ke mutuwa a kansa. Mugu ne na ƙin ƙarawa, ya ƙona shaguna, ya sa an ɓatar da mutane, amma da ya gyara zaman hularsa ya yi murmushi sai ka ji mata suna cewa, “Allah sarki, ai yana da kirki.” Mutane ke nan! To, masu shirya wasan sun so a kashe shi a kujerar aski, ɗan wasan da suka samo kuwa riƙon aska yake kamar mai feraye rake. Shi ne wani mai ɗaukar hotonsu da ke zuwa aski shagon ya ce ya san wanda zai iya. Suka gaya wa mai aski ba sai ya haddace komai ba, ya yi kawai yadda ya saba.

A nan ya tafka kuskuren, don kuwa yadda ya saba ɗin ya yi tsaf. Ya ɗora tawul mai ɗumi, ya shafa kumfa, ya goga bayan askar a hannun rigarsa na hagu, sannan ya sunkuya ya faɗi maganar da ya gada wurin mahaifinsa, wadda babu namijin unguwar da bai ji ta a kunnensa ba tun yana saurayi: “Ɗaga haɓa kaɗan, ranka ya daɗe.” Giwa ya ɗaga. Hoton ya koma kan madubi, jini ya yi tsartuwa, aka rubuta sunayen 'yan wasa, shiri ya ƙare.

Da yammacin da aka nuna abin, ihun da ya tashi a layin sai ka rantse ƙwallo aka ci. Matarsa da ke zaune kusa da shi ta dube shi sama da ƙasa, ta ja jiki zuwa ƙarshen kujera.

“Baban yara, dama haka kake? Ni da nake barci a gefenka!”

Ya yi dariya har da dukan cinya. Daɗi ya ji, ba ƙarya.

Da safe ya sa sabuwar riga ya buɗe shago yana jiran a zo taya shi murna. An kuwa zo. Ƙofar shagon ta cika maƙil, wasu har leƙe suke ta taga. Mai gyaran waya na maƙwabtaka ya ɗaga masa hannu biyu.

“Wallahi ka burge ni! Mutumin nan ya ishi kowa, gara da ka raba mu da shi.”

“Ya burge ka?” in ji matar da ke sayar da lemo a bakin titi, idonta jawur. “Bawan Allah ya yarda da kai, ya rufe ido, ka yi masa wannan aika-aika? Ni ko abinci ban iya ci ba jiya. Yanzu wa za mu riƙa kallo?”

“Baiwar Allah, wasa ne fa,” in ji mai aski. “Yana nan da ransa, har shayi muka sha tare bayan an gama.”

“Ka sha shayi da shi kuma ka yanka shi! Kun ji ko?”

Aka yi ta musu, wannan ya ce Giwa ya cancanci fin haka, wancan ya ce ai yaransa ba za su bari ba. Surutu kamar kasuwa, amma kujera wayam. Mutane ga su da gemu buzu-buzu, kowa ya kalli askar sai ya ce shi dama wucewa zai yi.

Direban tasin da bai taɓa fashin gyaran fuska ba ne ya yi ta maza. Ya ce shi ba ya tsoron uban kowa, ya zauna. Tawul ya hau, kumfa ta hau. Mai aski ya goga askar a hannun riga, bakinsa ya riga tunaninsa.

“Ɗaga haɓa kaɗan, ranka ya daɗe.”

Kafin ya rufe baki direba yana waje, zanen aski a wuya, rabin fuska fari fat, yana cewa ya tuna ya bar fasinja a mota. Jama'a suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Mai aski ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba. Tsoro ne ya fara kama shi, kuma ba na rasa masu zuwa aski ba ne kaɗai.

Mahaifinsa yake tunani. Tsohon ne ya kafa shagon, shi ya koya masa komai, kuma tun farko bai so zancen wasan nan ba. “Sana'ar nan amana ce,” ya ce masa a lokacin. “Mutum ya rufe ido ya miƙo maka wuyansa, kai kuma za ka je ka nuna wa duniya abin da za ka iya yi da shi?” Akwai kuma abin da ya fi wannan ci masa rai. Ga shi har furfura ta fara fito masa, ya aske malamai, ya aske angwaye, amma ko sau ɗaya tsohon bai taɓa zama a kujerarsa ba. Kullum maganar ɗaya ce: “Hannunka bai zauna ba tukuna.” Tsohon ya gwammace ya tsaya gaban ɗan madubinsa a gida, hannu na karkarwa, ya yi ta yanke kansa.

Rana ta take, sai hayaniyar ƙofa ta mutu. Mutane suka dare biyu. Tsohon ne tafe da sandarsa, ga ɗan ƙullin auduga manne a kumatunsa inda ya yanke da safe. Mai aski ya taso da sauri. Ya rusuna.

“Sannu da zuwa, Baba.”

Tsohon ya wuce shi ya shiga ciki. Ya dubi kujerar, ya dubi cincirindon da ke ƙofa.

“Duk waɗannan aski suka zo?”

“Kallo suka zo, Baba.”

“To ni ma na yi nawa kallon jiya. 'Yar'uwarka ta zaunar da ni dole.” Ya jingina sandarsa da bango. “Shirme ne daga farko har ƙarshe. Wancan ƙaton mai hula ko zama a kujerar aski bai iya ba.”

Mai aski ya sunkuyar da kai, ya jira saukar sauran.

“Amma sun kawo hoton kusa,” in ji tsohon. “Idona ya daɗe bai ga hannunka da kyau haka ba. Daga gindin kunne ka sauko har ƙasan muƙamuƙi a ja ɗaya, ba ka ɗaga ba, ba ka koma ba. Ga fitilu a kanka, ga mutane, kuma ka san abin da za ka yi wa mutumin, amma ko gezau.” Ya ciro audugar daga kumatunsa ya yar. “Share min kujerar.”

Wani a ƙofa ya ce, “Baba, ka kuwa ga ƙarshen wasan?”

“Na gani, ɗan nema. Ni na haife shi, in zai yanka wani ai da ni ya kamata ya fara.”

Ya zauna. Mai aski ya yafa masa zane, ya ɗora tawul, ya shafa kumfa a fuskar da ya sani tun yana rarrafe amma bai taɓa taɓa ta da aska ba. Wuyan ya yi laushi, duk ya tattare. Ya goga askar a hannun riga, sai maganar ta maƙale masa. Ya kai yatsa zai ɗaga haɓar a shiru.

Tsohon ya buɗe ido ɗaya. “Haka na koya maka?”

Shagon ya yi tsit, har mai lemo ta toshe baki da gefen mayafi. Mai aski ya janye yatsansa.

“Ɗaga haɓa kaɗan, ranka ya daɗe.”

Tsohon ya ɗaga, ya rufe ido. Askar ta sauko daga gindin kunne har ƙasan muƙamuƙi, sumul, ba ko ƙwarzane. Sai ga tafi ya ɓarke, mai gyaran waya na buga ƙofa yana kirari, mai lemo na cewa ita dai har yanzu ba ta yafe ba amma tana dariya. Direban tasi ya kutso da busasshiyar kumfa a rabin fuska yana rantsuwa shi ne na gaba, tun da dama ba a gama masa ba. Nan da nan layi ya miƙe har bakin titi, kowa na cewa shi ma irin na Giwa yake so, kuma sai an faɗa masa maganar.

Mai aski bai ko waiwaye su ba. Murna ce ta cika shi har idonsa ya kawo ruwa, ya tsaya ya goge da kafaɗa don kada ya ɓata aiki. Da ya gama ya riƙo madubi. Tsohon ya shafa kumatunsa, ya juya hagu, ya juya dama, yana neman abin da zai kushe, ya rasa.

“Ka aika a ɗauko askata da ke gida, ka haɗa da naka,” ya ce yana laluben sandarsa. “Jibi zan dawo. Kada ka sa ni bin layi.”