Ƙofar Maɗaci a Shafin Yona

A ajin Malama Rashidatu da ke Tudun Fulani ba a taɓa kwamfuta a makon farko. Takarda da biro take rabawa, ta ce wanda bai tsara shafinsa na intanet a takarda ba, kwamfuta ba za ta yi masa tunani ba. Gida uku kowa zai zana a takardar: wane ne ni, ayyukana, yadda za a same ni.

Yona shi ne dattijon ajin. Shekara ashirin yana kafinta a ƙauyensu can bayan Gwada, kafin 'yan bindiga su tashi garin. Yanzu gadi yake yi a wani gida a Shango, inda ba mai kiransa da komai sai "mai gadi". Abin da ya kawo shi ajin ke nan, yana so a sake saninsa da aikin hannunsa. Yaran ajin suna gaishe shi da ladabi, sannan su juya su ci gaba da hirarsu, kujerar kusa da shi kuwa kullum babu kowa.

Gida na farko da na uku ba su ba shi wahala ba. Na tsakiya ne ya tsaya fari fat.

"Hoto biyar na aikin da ka yi," in ji Malama. "Mai saye ba ya sayen labari, Baba."

To, ina zai samo? Ƙofofi, bencinan coci, gadaje, duk suna inda ba mai iya zuwa, in ma wuta ta bar su. Ranar Asabar ya hau mota zuwa Gwada, ya bi mutanen garinsu ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su duba wayoyinsu. Wa ke ɗaukar hoton ƙofa? A wayar Caleb, tsohon maƙwabcinsa, aka samu guda ɗaya tak: ƙofar maɗaci ta gidan Yona, mai sassaƙen ganye, matarsa Helen tana tsaye a gabanta da kwanon doya, tana dariya.

Ran Litinin Malama ta koya musu yanke hoto, a cire abin da ba aiki ba. Da ta zo kan Yona sai ta ce, "Wannan ta tare rabin ƙofar. Kuma ba a sa fuskar mutum sai da izininsa. Kira ta mu ji."

"Malama, ba waya a wurin da yake," ya ce a hankali, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. "Tun ranar da suka shiga garin mu, ba wanda ya gan shi."

Malama Rashidatu ta sake duban hoton. Ta ja kujerar nan ta kusa da shi ta zauna.

"Wannan shafi, ko'ina ana gani?" ya tambaya.

"Ko'ina, Baba."

"To a bar shi haka. A sa lamba na a ƙasa, babba."

Haka shafin ya hau, hoto ɗaya da lambar waya. Tun daga ranar Yona bai ƙara barin wayarsa ta mutu ba. Ko wanka zai shiga, tana kan katanga inda zai ji ta. Kewar Helen da ya danne shekara uku ta dawo masa sabuwa, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Bayan kwana goma sha ɗaya, yana share bakin get da hantsi, wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Tsintsiyar ta faɗi daga hannunsa.

"Kai ne Yona? Sunana Alfa, daga Bosso. Na ga hoton nan a shafinka."

"Ka gan shi? Mata na? A ina?"

"Ƙofar nake nufi. Kai, aiki ya yi kyau! Irinta nake so guda biyu. Sai dai matar nan ta tare rabi. Ba ka da wani hoton da babu ita?"

Yona ya jingina da get ɗin. Shekara uku yana jiran wani ya yaba aikinsa.

"Babu," ya ce. "Faɗa mini faɗin ƙofar."