Kyamarar Baba Celestine

Ina tsoron sa hannu a takardar hukuma, kuma a ranar ma tsoron ne ya riƙe ni. Muna zaune a kan benci a ƙofar ofishin rajista, ni da maƙwabcinmu Baba Celestine mai hoto, fom ɗinsa a kan cinyata.

"Malam Difiloma," ya ce, "biron ne ya ƙafe ko hannun?"

"Baba, bari in sake karantawa. Ba a yi wa takardar gwamnati gaggawa."

"Karatu na huɗu ke nan. Ko lauya ai ya haƙura."

Shekara biyu ke nan da komawar sojoji bariki. An fito da doka saboda masu shirya fim, cewa kada kowa ya ɗaga kyamara a titi sai da izini. Samarin Fagge masu fim suka koma ɗauka a cikin gidaje, suna rufe ƙofa. Baba Celestine kuwa titi ne shagonsa. Shekara talatin yana yawo tsakanin Kantin Kwari da tashar jirgi, yana ɗaukar fatake cikin sabbin shaddodinsu, washegari ya kai musu hoto. A bakin Kwari aka karɓe kyamararsa, da fim a cikinta.

Ba a sakin kyamara sai da izini, ba a kuma ba da izini sai an kawo kyamara an duba lambarta. Akawun ofishin ya tausaya masa, ya ce idan ɗan jiha mai takardar karatu ya tsaya masa, za a saki kayan. Ni ne ɗan jihar. Amma takardar neman aikina tana cikin wannan ofishin, ban kuma san yadda za a kalli sunana a ƙarƙashin na wanda aka kama ba.

"Mu dawo wani satin," na ce.

Ya dube ni, ya karɓi fom ɗin ya ninke. "To, wani satin."

Sati uku suka wuce ina kawo uzuri. Ya daina fita. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da ɗakinsa na haya, ina jin tarinsa. Da na shiga duba shi, na tarar ƙafafunsa sun kumbura, silifa ba ta shiga. 'Yarsa Uchechi, mai ɗinki a Kasuwar Sabon Gari, ta ce likita ya ce zuciya ce.

"Wace zuciya?" ya ce. "Zama ne. Ƙafar nan ba ta san kujera ba." Ya numfasa. "Mutum goma sha ɗaya ne a fim ɗin nan, Abdurra'uf. Za su ce Celestine ya gudu da fuskokinsu."

Bai yi mini maganar fom ba. Ni ma ban yi ba.

Ranar Talata, ana kiran sallar la'asar, Uchechi ta ƙwala ihu.

Washegari dattawan ƙungiyar garinsu suka zo shirin kai shi gida. A wajensu ba a ɗaukar gawa sai an buga sanarwa da hoton mamaci, an manna a coci da jikin mota. Uchechi ta zazzage kwalaye uku a kan tabarma: angwaye, 'yan dako, direbobin jirgi, jarirai cikin shawul. Muka yi ta juyawa har azahar.

"Mutum ya ɗauki rabin Kano," wani dattijo mai suna Sylvester ya ce, "shi babu ko ɗaya?"

"Akwai ɗaya," ta ce. "Ranar da aka kama shi, wani Alhaji mai atamfa ya fizge kyamarar da wasa, ya ce yau mai hoton ma sai an ɗauke shi. Baba ya ce mini har hula aka ara masa. Yana cikin fim ɗin."

"Ranar Asabar motar za ta tashi," dattijon ya ce.

Babu wanda ya kalle ni, domin babu wanda ya sani. Baba bai faɗa wa kowa ba.

"Uchechi," na ce, "ina wata takarda da ya ninke huɗu?"

Ta ciro ta daga cikin Littafi Mai Tsarki. Na rubuta sunana cikakke, na sa hannu, na ƙara lambar difilomata ko da yake ba a tambaya ba. Ta share hotunan baƙi gefe guda, ta bar wa takardar fili a tsakiyar tabarma.

"Gobe ƙarfe takwas ina ofishin," na ce, da ƙarfin da dattawan za su ji. "Ni ne mai tsaya masa."