Gara Ta Gaje Gida

Har furfura ta fara fito mata, amma a gidansu Auta ake ce mata. Tela ce, tana da ɗan shago a bakin titi. Ranar da Yayanta ya aiko cewa maƙwabci ya ga silin ɗin tsohon gidansu ya lotsa, ta rufe shagon ta bi shi. Umma ta ce ƙafarta ƙafarsu. Tun rasuwar Baba Umma take zaune a wurin Yaya, gidan kuwa na kulle, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa.

Yaya na tura ƙyauren falo, sai ya biyo hannunsa. Daga waje fentin na nan lafiya lau, ciki kuwa jar ƙasa ce zalla. Gara ta yi hanyoyi a bango kamar jijiyoyin hannun tsoho, ta hau taga, ta shiga silin. Kyankyasai suka watse kowa ya yi ta kansa.

"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi," in ji Umma. Ta wuce ɗakinta.

Auta ta tsaya a tsakar gida. A nan ake fito da gadaje a shanya duk lokacin da kuɗin cizo ya addabe su. Ranar ba mai zuwa ko'ina. Umma ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta bi kowane lungu na katako tana kwarara masa, su kuma yara su jibgi katifa da sanda har ƙura ta rufe su. Aiki ne, amma su wasa suka ɗauke shi. Idan katifun suka sha rana, sai su baje a kai, ɗumin na ratsa bayansu, Umma na faɗa suna yi kamar ba su ji ba.

Baba kuwa ɓera ne abokin gabarsa. Akwai wani ƙato mai guntun wutsiya da ya cinye masa sabuwar hula tun bai sa ta ba. Baba ya yi rantsuwa sai ya ga bayansa. Ya ɗana tarko, ɓeran ya cinye abin da ke kai ya bar masa tarkonsa. Ya sake ɗanawa, tarkon ya kama babban yatsan Yaya. Wata safiya suka yi ido huɗu a kicin, Baba ya kai masa duka da muciya, ya fasa tulun ruwa, santsi ya kwashe shi. Umma ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Daga nan yaran suka raɗa wa ɓeran suna Maigida, don Umma ta ce shi ne mai iko da gidan, su 'yan haya ne.

"Auta, zo ki gani," Yaya ya kira daga ciki.

Gadon Umma ne. Ƙafafu biyu sun zube, ya karkace gefe guda. Kabad ɗin kayanta kuma da ta buɗe, ɓeraye sun yi sheƙa da zannuwan da ta bari. Umma ta ɗago wani shuɗi mai furanni, duk ya zama raga.

"Wannan babanku ya saya mini shekarar da na haife ki," ta ce. "Ban fiye ɗaura shi ba, wai ina tattali. Ashe waɗannan nake yi wa ajiya."

Auta ta karɓa ta naɗe shi a hankali, ko da yake babu abin naɗewa.

Yaya ya kira kafinta da mai feshi. Kafinta ya bi katakai yana ƙwanƙwasawa, ya ce silin da ƙyamare sai an sake, gado kuwa allon kai kaɗai ya tsira. Mai feshi ya ce zai yi nasa, amma gidan da ba a sharewa gara ba ta rabuwa da shi.

"To, Umma, gara a gyara a sayar," in ji Yaya. "Wa zai zauna yana gadin bango?"

"Ni."

"Haba Umma, ke kaɗai? Da ciwon gwiwar nan?"

"A gidanka ma da gwiwar nake kwana. Can ba na komai sai kallon talabijin, matarka ko tsintsiya ba ta bari in taɓa. Allah ya yi mata albarka, amma zaman ya ishe ni. Ni da gidan nan ciwonmu ɗaya, zama ba motsi."

Yaya ya dubi Auta don ta taya shi. Ita kuwa hankalinta na kan ɗakin Baba, mai babbar taga da ke kallon titi. Haske ya wadace shi, ya fi shagonta faɗi, 'ya'yanta kuma duk sun girma.

"Yaya, in an gyara zan kawo keken ɗinkina nan," ta ce. "In wuni da ita, 'yata ta riƙa kwana."

Ya girgiza kai, ya ce dama ya san bakinsu ɗaya tun fil azal. Amma shi ya tsaya kan aikin har aka gama.

Kafinta ya mayar da allon gadon benci, aka ajiye a bakin ɗakin Baba, masu kawo ɗinki suna zama a kai. Umma ta koma shara da sassafe, tana bin gindin bango da idonta, da ta ga jar ƙasa sai ta kankare.

Saura ɓeraye. Yaya ya kawo wata kyanwa fara, ya yi ta kurara ta, wai a gidan abokinsa ko ƙadangare ba ya giftawa. Ranar farko ta zagaye gidan, ta shinshina ko'ina, ta haye cinyar Umma ta yi barci. Tun daga ranar ba ta kama komai ba. Auta ta ce a mayar wa mai ita, Umma ta hana.

"Ku bar mini abata," ta ce tana shafa mata kai. "Ita ma ta gaji da aiki ne. Ki je ki sayo tarko."