Furen Maman Yara

Tela ya hau matakalar asibiti rungume da tukunyar fure, ƙasa na zubo masa a gaban riga. Ma'aikaciyar jinya ta tare shi a ƙofa, ta dubi furen, ta dubi matarsa da ke kwance ta juya wa duniya baya, sai ta kauce masa.

Tun da aka yi mata aiki, matar ta daina magana, ta daina cin abinci. Likita ya ce ɗinki ya kama, amma in ba ta ci ba jiki ba zai tashi ba. Tela ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya yi kuka a bayan gida. Yau dabara ta ƙare masa, ga kuma furen da take ji da shi a falo ganyensa ya fara komawa ruwan ƙasa.

"Maman yara, kin ga abin da na yi miki."

Ta juyo a hankali. Ta daɗe tana kallon ganyen kafin ta miƙa hannu ta murza ɗaya.

"Da ƙishi ne, da bakin ganyen ya bushe ƙamas," ta ce da dusasshiyar murya. "Wannan laushi ya yi, ga rawaya ta zagaye shi. Sau nawa kake ba shi ruwa?"

"Safe da yamma. Wani lokaci da rana, in na tuna ki."

"Yaran fa?"

Ya sosa ƙeya. Ashe kowa a gidan, in kewarta ta kama shi, kofi yake ɗauka ya ba furen ruwa.

Ta cusa yatsa cikin ƙasar, ta sansana, ta yamutsa fuska. Ta sa shi ya ɗaga tukunyar, ta leƙa ƙasanta: ramin da ruwa ke fita ya toshe. Mace ce da ba ta taɓa yin hukunci ba sai ta taɓa abu da hannunta, kuma ko a gadon asibiti halin bai bar ta ba. Tela ya tsaya yana kallonta, ƙaunarta ta cika masa ƙirji.

"Kun kusa kashe shi da so. Zare shi in ga saiwar. Mai fari a bari, mai baƙi a yanke, a canza ƙasa. Ina almakashinka?"

Yana aljihu, inda yake kullum. Ya kai hannu zai datse wani ganye daga tushe.

"Kai, ba yadi ba ne. Wurin da ya mutu kawai ake bi, a bar kore. Kawo nan."

Ta yunƙura ta zauna, ta karɓi almakashin. Hannunta babu ƙarfi, bakin ƙarfen ya kasa tsayawa a kan ganyen. Ta sake gwadawa, ya ƙi. Ta yi tsaki, ta ajiye shi a cinya.

"Miƙo min kwanon abincin can," ta ce. "Kar kuma ka taɓa komai sai na gama ci."